Yadda Muka Haɗa Unguwarmu da 'Yan Sanda ta Waya, da Yadda Za Ku Tsara Naku

Ni mai gyaran waya ne a cikin garin Gombe, kuma shekara huɗu ke nan ina riƙe da littafin kwamitin tsaro na unguwarmu. Ba zaɓe na ci ba. Ranar rabon muƙamai aka duba aka ga na fi kowa latse-latsen waya, sai Jauro, mai unguwarmu, ya nuna ni da sandarsa ya ce, "To, kai ne sakatare." Shi ke nan.

Guruf ɗinmu na farko a WhatsApp shirme ne, gara in faɗa tun yanzu. Mun zuba kowa da kowa, har da waɗanda suka daɗe da tashi daga unguwar. Wata Alhamis da dare wasu yara biyu a kan babur suka tare wani ɗalibi a bakin kwari, suka karɓe masa waya, suka yanke shi a hannu. Wani maƙwabci ya gani daga ƙofar gidansa, ya rubuta a guruf da ƙarfe tara da 'yan mintoci. Kafin goma saƙon ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a mai furanni, da bidiyon wa'azi, da hotunan wani mai tallan shadda. Shugaban 'yan sintirinmu bai gani ba sai bayan sallar asuba. Ofishin 'yan sanda kuwa ba wanda ya kira, don kowa ya ɗauka wani ya kira.

Washegari muka rushe guruf ɗin, muka sake lale. Abin da zan faɗa a nan shi ne tsarin da muka zauna a kai bayan tuntuɓe iri-iri. Duka yana komawa ga abu guda: sahihin labari, gajere, ya isa kunnen wanda zai iya tashi a kansa tun ɓarawo bai yi nisa ba, sannan a rubuta shi a ajiye.

Ku fara da ƙafa kafin waya

Kada ku buɗe komai sai kun je wuri biyu. Na farko gidan mai unguwa. Duk harkar tsaro in babu albarkarsa, ranar da aka sami matsala ku kaɗai za a bari da jidali. Na biyu ofishin 'yan sandan da ke kula da yankinku. Ku je ku huɗu ko biyar: mai unguwa ko wakilinsa, liman, shugaban 'yan sintiri, da mai riƙe littafi. In akwai coci a unguwar a tafi da wakilinsu, don mai ƙwacen waya ba ya tambayar addinin mai ita. Ku nemi ganin DPO, wato shugaban ofishin.

Ku shiga da ƙwarin gwiwa, doka tana tare da ku. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin tsohuwar ta 1943, ta tanadi aikin tsaro tare da al'umma da kwamitocinsa. Tun 1984 ma akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC. Ku tambayi wa ke shugabantar na ofishinku, ku karɓi lambarsa.

Tambayar da na yi a ranar ita ce, "Yallaɓai, in abu ya faru da ƙarfe biyun dare, wace lamba za mu kira a ɗauka?" Ku fito da lambar DPO, da ta kanta (teburin karɓar ƙorafi na ofishin), da ta motar sintiri, da ta jami'in da ke kula da binciken laifuka. Ku roƙi a ware muku jami'i ɗaya da za ku sa a ƙaramin guruf ɗin da zan yi bayaninsa a gaba. Ku ƙara da lambobin ɗakin karɓar kiran gaggawa da kakakin rundunar jiha ke wallafawa a Facebook da X, da kuma 112, lambar gaggawa ta ƙasa da hukumar sadarwa NCC ta samar, wadda ake kira kyauta ko babu kati a waya. Ku ajiye su yadda za su hau saman jerin sunaye. Mai firgita ba ya iya neman suna. Sannan ku rubuta a takarda ku liƙa a ƙofar masallaci da teburin mai shayi.

Ana yi wa 'yan sanda canjin wurin aiki ba tare da kun sani ba. Mun taɓa kiran wata lamba da tsakar dare, mutumin ya ɗauka cikin barci ya ce ai wata uku ke nan da aka mayar da shi wata jiha. Tun daga nan duk farkon wata nake bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, in gaisa, in tabbatar mai ita yana nan.

Guruf biyu, kowanne da aikinsa

Babban guruf na sanarwa ne. Kowane magidanci zai iya shiga, WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024 a guruf ɗaya, amma ku rufe shi yadda admin kaɗai ke iya rubutu. Nan ake sanar da taro, da jan kunne, da cigiyar yaron da ya ɓata. Admin uku sun isa.

Ƙaramin guruf shi ne na aiki, kuma namu bai taɓa wuce mutum ashirin da biyar ba: wakili ɗaya daga kowane layi, shugabannin 'yan sintiri, ɗan Jauro da ke karanta masa saƙo, da jami'in da aka ware mana. Dokarsa ɗaya ce, rahoto kawai. Babu gaisuwa, babu ta'aziyya, babu siyasa, babu "amin". Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu. Da na cire wani dattijo saboda addu'o'in safe sai da muka yi mako biyu yana amsa gaisuwata da ƙyar. Amma so ake duk sanda guruf ɗin ya yi ƙara, mai waya ya san ba lafiya ba. Ku ba shi ƙarar da ta bambanta da ta sauran saƙonni.

Wajen zaɓen wakilai ku duba waɗanda suke zaune a wuri: mai shayi, mai kanti, mai facin taya, mai POS, maigadin makaranta. Su ne suka san baƙuwar fuska. Ku kuma buɗe wa mata hanya. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa la'asar maza ba sa unguwa, matan gida ne ke ganin wanda ya leƙa ta katanga da wanda ya zagaya layi sau uku. Mu malamar islamiyyar matan aure muka sa, su gaya mata, ita ta rubuta. Rahoton da ya kai ga kama masu cire mana wayar wuta daga wajenta ya fito.

Da yawa ba su da babbar waya, wasu kuma data ta ƙare. Saboda su muka sayi ƙaramar waya ɗaya mai riƙe caji, muke ce mata wayar aiki. Tana zagayawa mako-mako, kuma wanda take hannunsa ba ya kashe ta, ba ya barin gari sai ya miƙa wa na gaba. Shi ne kuma wanda wajibi ne ya kira 'yan sanda, ko da mutum goma sun ce sun kira. 'Yan sintiri kuwa, in kuna da hali ku saya musu oba-oba ko da guda huɗu, don ba ruwanta da sabis. Usur ma har gobe yana aiki.

Abu ɗaya ba a rubutawa a kowane guruf: lokacin fitar sintiri da hanyar da za a bi. Da baki ake faɗinsa. Bango yana da kunne, kuma wani lokaci ɗan Kalaren da ake nema, wato ɗan daba, ƙanen wani ne a cikinmu, wayar yayansa yake ɗauka ya yi wasa.

Yadda ake rubuta rahoto

Kira ne farko, rubutu daga baya. In ana cikin aikata abu, ko an ji wa wani rauni, ka buga wa wayar aiki ko kanta kai tsaye, sannan ka rubuta a guruf don sauran su sani.

Rahoton yana farawa da ɗayan kalmomi biyu, NA GANI ko NA JI. Wannan kaɗai ya rage mana rabin hayaniya. Bayansa sai lokaci, wuri, abin da ya faru, su nawa, kamanninsu, inda suka nufa, da ko an kira. Da a ce daren ɗalibin nan muna da tsari, ga abin da za a rubuta:

"NA GANI. 9:10 na dare, bakin kwari, Layi na 4. Ƙwacen waya. Mutum 2 a jan babur, na baya da hular sanyi da wuƙa. Sun nufi babban titi. Mutum 1 ya ji rauni a hannu. Na kira kanta."

Inda suka nufa shi ne abin da 'yan sanda suka fi tambaya. Gombe hanyoyin fitarta sanannu ne: ta Bauchi, ta Dukku, ta Bajoga, ta Dadin Kowa zuwa Biu, da ta Kumo zuwa Billiri da Kaltungo. In mota ko babur aka sace, cewa an nufi wajen hanyar Dukku ya fi dogon bayanin yadda mai ita ya ji. Wanda bai iya rubutu ba ya yi saƙon murya, amma kada ya wuce rabin minti, kuma ya fara da wurin. Sallama da "da fatan kowa yana lafiya" a bar su sai an haɗu.

Matsalar kwatance

Mu adireshinmu shi ne "bayan masallaci, in ka wuce mai nika, gida mai jar ƙofa". Ɗan unguwa zai gane. Ɗan sandan da aka kawo daga wata jiha watan jiya kuwa, cikin duhu, sai ya yi ta zagaye da jiniya har ɓarawo ya kai gida ya yi wanka.

Abu uku muka yi. Mun ba kowane layi lamba, muka rubuta da fenti a katangar gidan farko. Mun koya wa wakilai tura lokeshin: a WhatsApp ka taɓa alamar maƙala abu, ka zaɓi wuri, ka tura inda kake. Akwai kuma wanda ke nuna motsinka kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, shi 'yan sintiri suke kunna wa shugabansu kaɗai in sun fita. Ka ɗan tsaya a fili kafin ka tura, don cikin ɗaki alamar takan kauce ta faɗa gidan maƙwabci. Na uku, mun zaɓi mahaɗa uku, wuraren da mota ke iya isa ko da damina, muka tura wa jami'inmu alamarsu ya ajiye. Taswirar waya ba ta san cewa kwari ya cinye wata hanya ba, za ta nuna wa direba titi lafiyayye alhali rami ne ya fi tsayin mutum. Saboda haka muke cewa, "Yallaɓai, ku zo Mahaɗa ta 2, akwai mai tocila yana jiranku." Daga nan a shiga da su da ƙafa.

Littafin, wanda ya fi komai amfani

Nan ne mafi yawan unguwanni suke sakaci, don ba shi da armashi. Duk abin da ya faru, babba ko ƙarami, har satar akuya da cire batirin mota, ina shigar da shi: rana, lokaci, layi, irin laifin, ko an kai rahoto, ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka zo. Ina rubutawa a littafi mai kauri, ina kuma kwafewa a Google Sheets don kada ruwa ko gara su cinye mana tarihi. Ba na sa sunan wanda ake zargi, ba na sa sunan wanda ya kawo labari.

Dabarar ba tawa ba ce. A 1994 rundunar 'yan sandan birnin New York na Amurka, ƙarƙashin kwamishina William Bratton da mataimakinsa Jack Maple, ta ɓullo da tsarin da ake kira CompStat. Ana ɗora kowane laifi a kan taswira, a tara shugabannin ofisoshi a kai a kai a tambaye su me suka yi game da wuraren da alamomi suka taru, sannan a tura jami'ai can. Maple tun yana aikin tsaron jiragen ƙarƙashin ƙasa yake yin haka da taswira a bango, kafin kwamfuta ta karɓi aikin. Mu ma bangon muka bi. Na zana unguwar a babban kwali, ina ɗiga jan biro wa ƙwace, shuɗi wa fashin gida, baƙi wa faɗan daba.

Bayan wata biyar na shimfiɗa kwalin a zauren Jauro. Kowa ya yi shiru. Dukanmu mun yi imani cewa tsakar dare ce matsalarmu, shi ya sa 'yan sintiri ke fita sha biyu. Kwalin ya nuna jajayen ɗigon sun cunkushe a wuri biyu, bakin kwari da wata kwana da fitilar sola ta mutu, kuma kusan duka tsakanin magariba da ƙarfe goma, lokacin da ɗalibai da 'yan kasuwa ke dawowa suna haska hanya da waya. Baƙaƙen kuwa ranakun biki suke bi, musamman inda aka kwana ana kiɗa.

Jauro ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da shugaban 'yan sintiri, "Ashe ku kuna fita bayan an tashi kasuwa."

Muka ɗauki kwalin muka kai wa DPO. Bambancin a bayyane yake. Da muna zuwa mu ce tsaro ya lalace, a ce mana za a duba. Wannan karon mun ce ga wuri biyu, ga awa uku. Ofishin da ke da mota ɗaya da man da bai taka kara ya karya ba, yana iya tsayawa awa uku a wuri biyu, amma ba zai iya gadin unguwa dukanta har asuba ba. Mu kuma muka haɗa kuɗi muka canza batirin fitilar, muka sare ciyawar bakin kwari, muka mayar da fitar sintiri bayan sallar magariba. Mai biki kuma yanzu sai ya sanar da kwamiti kwana uku kafin rana, mu sanar da ofis. Bayan wani lokaci ɗigon suka fara ɓulla a wani layin daban, don ɓarawo ma yana da ido. Shi ya sa kwalin ba ya ƙarewa, duk wata uku sabo nake zanawa.

Wayar da aka ƙwace

Wannan fannina ne, bari in ɗan zauna a kai. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI. Danna *#06# za ta fito, mai layi biyu za ta nuna guda biyu. Tana kuma jikin kwalin wayar. Mun bi gida-gida muka sa kowa ya rubuta tasa a takarda, ya ajiye tare da rasit. Kada ka ajiye ta a cikin wayar kaɗai. Sau nawa mutum ke zuwa shagona ya ce ai ya ɗauki hotonta, in ce ina hoton, ya ce yana cikin wayar da aka sace.

Tun kafin tsautsayi ka sa wa layinka lambar sirri, daban da makullin fuskar waya. Masu ƙwace yanzu layin suka fi so, su cire shi su sa a wata waya, su danna lambobin banki su kwashe kuɗi ko su ci bashi da sunanka. Ka kuma san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Da yawa mai shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, su ba su ma san da shi ba. Ba tare da shi ba manhajar Google ta neman waya, wadda aka sani da Find My Device kafin a sauya mata suna zuwa Find Hub a 2025, ba za ta yi maka amfani ba. Masu iPhone tasu ita ce Find My.

In an ƙwace, banki ne farko. Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ka nemi ta bankinka yau ka haddace. Sai kamfanin layi, a rufe shi, daga baya ka je da NIN ɗinka a yi maka welkam bak. Sai ka ari waya ka shiga asusunka na Google, ka kulle taka, ka duba inda ta nuna. Sannan ofishin 'yan sanda da IMEI da rasit, ka tabbatar an shigar da ƙorafin a rubuce. Kamfanonin waya hukuma suke ba bayanan layi ta hanyar da doka ta tsara, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Don haka mai ce maka a Facebook ka turo kuɗi ya bibiyo maka wayarka, ka riƙe kuɗinka.

In taswira ta nuna maka wani gida, kada ka tara abokai ku je. Alamar tana iya kaucewa da gida biyu ko uku, kuma sau da yawa wanda wayar ke hannunsa saya ya yi. Ka ɗauki hoton abin da ta nuna da lokacinsa, ka kai wa mai bincike. 'Yan'uwana masu gyara da masu sayar da ta hannu kuma, mu ji tsoron Allah. Wanda ya kawo waya a cire makulli ba kwali ba rasit, yana waige-waige, mun san abin da ake ciki. Ni ina da littafin da nake rubuta IMEI da lambar duk wanda ya kawo irin wannan aiki, kuma ganin littafin kaɗai yana sa wasu su ce bari su je su dawo.

Kyamara

Ita kowa ke fara ambata a taro, ni kuwa ita nake sawa ƙarshe. Tana da amfani in an sa ta daidai. Ku sa a mashigar unguwa da mafitarta, ba tsakiyar layi ba. Kada ta yi sama da yawa, in ba haka ba hulunan mutane kawai za ku riƙa ɗauka. Ku haɗa ta da sola da batir, don ɓarawo ya fi ku sanin lokacin ɗauke wuta. Ku canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Da hunturu a riƙa goge gilashin duk mako, ƙura tana mayar da hoto kamar hazo. A duba agogonta, don in ya kauce hoton zai nuna ranar da ba ita ba. Na'urar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo in ta cika, saboda haka in abu ya faru a kwafe a filash a ranar.

Kwafin na mai bincike ne, ba na guruf ba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga na'ura, amma da sharuɗɗa, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro shi. Don haka mutum ɗaya ya riƙa kula da ita, kada a yanke hoton, kada a yi masa kwalliya. Kuma kada kyamarar kowa ta leƙa tsakar gidan wani. Ko ba a zo ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba, wannan a wajenmu abin faɗa ne har gaban alƙali.

Ranar da guruf ya kusa sa mu kashe mutum

Wata Asabar da rana wani wakili ya ɗauki hoton baƙo zaune a dakalin wani gida, yara na wasa kusa da shi. Ya tura da rubutu, "Ku kula, ga irin masu satar yaran nan." Wani ya kwafe ya kai wani guruf. Kafin minti ashirin matasa sun kewaye mutumin da gorori. Allah ya sa Jauro yana gida. Ya ratsa taron ya tsaya a gabansa.

"Malam, daga ina?"

"Ranka ya daɗe, daga Bajoga nake. Gidan ƙanwata nake nema, ta haihu. Wayata ce ta mutu."

A ledar da ke hannunsa akwai turmin atamfa da sabulun wanka. Aka sa wayarsa a caji a kantin kusa, aka kira, sai ga mijin ƙanwar ya fito daga Layi na 6 ba ko takalmi.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A watan Maris na 2025 haka aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin da ba a tsaya bincike ba. A Indiya jita-jitar satar yara ta WhatsApp ta jawo kashe-kashen da suka sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2018, daga baya ya faɗaɗa dokar ga duniya. Mu da muka yi kukan Uromi bai kamata a ji irinsa a ƙofar gidanmu ba.

Daga ranar muka kafa doka. Ba a sa hoton wanda ake zargi a guruf, ana tura wa mai wayar aiki shi kaɗai, shi ya kai wa jami'i. Ba a ambatar ƙabila ko addini a rahoto, a faɗi kaya da tsayi da abin hawa. Saƙon da aka turo daga wani guruf ba ya shiga sai an san unguwar da ranar da abin ya faru. Admin yana da ikon goge saƙon kowa ga kowa, kuma ya goge ba tare da neman izini ba. Wanda aka kama kuma ba a dukansa, a riƙe shi a kira ofis. Na kan tuna wa mutane cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana hukunta mai yaɗa saƙon da ya san ƙarya ne don ta da hankalin jama'a.

'Yan ƙananan abubuwa da suka rage

Kowane ɗan ƙaramin guruf ya kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, mai lambobi shida. In wani ya kira ya ce ana taron kwamiti ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ɗan damfara ne. Da ka faɗa ya ƙwace asusunka, ya shiga guruf da sunanka. Wanda aka sace wa waya a cire shi nan take, in ya dawo da layinsa a mayar da shi.

Kuɗin kati da batir da fenti a riƙa sanar da shigarsu da fitarsu a babban guruf duk wata, har da hoton rasit. Kwamitoci da yawa kuɗi ne ya kashe su, ba ɓarayi ba.

In jami'i ya nemi kuɗin beli ko ya ci zarafin wani, beli kyauta ne a doka. A fara da DPO ta hannun mai unguwa da shugaban PCRC. In abin ya faskara, rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi da ake kira CRU tun 2015, ana samunsu ta waya da WhatsApp da shafukan sada zumunta. Littafinku zai taimaka a nan, don yana ɗauke da rana da lokaci. Haka kuma in sun zo da wuri sun yi aiki, a rubuta, a je a yi godiya. Su ma mutane ne.

Sannan ku riƙa gwaji duk wata biyu ko uku. Wani wakili ya tura rahoton wasa, a ga minti nawa mai wayar aiki zai ɗauka kafin ya amsa, minti nawa 'yan sintiri za su kai mahaɗa. Ku sanar da jami'inku tun da rana, kuma ku rubuta GWAJI NE da manyan baƙaƙe a farkon saƙon da ƙarshensa. Mu a karon farko a ƙarshe kawai na rubuta. Kafin a karanta zuwa can, wani dattijon Layi na 2 ya riga ya fito da taɓaryar matarsa, daga shi sai gajeren wando, yana tambayar ta ina suka bi.